Laifin Mai Rubutu Ko Na Mai Bango?

A zangon karatun da ya wuce wani abu ya faru a ɗakin kwananmu, shi ne kuwa ya jawo wannan ɗan rubutu. Wata safiya aka tashi aka tarar an manna takarda a allon sanarwa da ke bakin ƙofa, ba suna ba sa hannu, wai wani ɗalibi, aka ambaci sunansa har da lambar ɗakinsa, shi ne ke kwashe wa mutane wayoyi da dare. Takardar nan ta kwana uku a wurin. Wakilin ɗalibai da ke kula da allon ya gan ta tun ranar farko, yaron ya je ya roƙe shi ya cire, ya ce shi dai ba shi ya rubuta ba, ba kuma shi ya manna ba. Daga baya aka kama ɓarawon, ashe ma ba ɗalibi ba ne. Amma fa magana zarar bunu ce, har yau akwai masu dafe aljihu in yaron nan ya shigo ɗakin kallo.

Musu ya kaure a tsakaninmu, waɗansu na cewa laifin duk na wanda ya rubuta ne, waɗansu na cewa mai allo ma da nasa. Wani abokina da ke karatun shari'a ya yi dariya ya ce musun da muke yi tsoho ne, alƙalan Ingila da na Amurka sun fi shekara ɗari suna yin sa, kuma a kansa aka gina dokar da ta tsare manyan kamfanonin intanet. Wannan magana ta sa na yi 'yan makonni ina zirga-zirga a sashen shari'a na laburare. Abin da na tsinto shi ne zan shimfiɗa wa mai karatu a nan.

Kafin mu tsallaka teku, ya kamata mu tuna tambayar ba baƙuwarmu ba ce. A al'adarmu ba a kama ɗan aike da laifin saƙon da ya kawo, in dai bai ƙara gishiri ba. Amma fatoma, watau mai masaukin fatake, ba haka yake ba. Shi ke saukar da baƙo a gidansa, shi ke haɗa shi da masu saye, shi ke karɓar la'ada, saboda haka in baƙo ya yi ha'inci ya gudu, ƙofar fatoma ake bugawa. Wanda ya karanta Risala kuma zai tuna an bambanta tsakanin mai sana'a da aka ba kaya ya tafi da su, wanda ake ɗora wa lamuni in sun salwanta, da mai jirgin ruwa wanda ba a ɗora masa. Duk tarihin da zan kawo, in an tace shi, gardama ce a kan ko kamfanin intanet ɗan aike ne ko fatoma.

Mai Jarida, Mai Littafi da Mai Bango

Turawan Ingila sun daɗe da dokar ɓata suna mai tsanani, wadda ta ce duk wanda ya sa hannu wajen yaɗa ƙazafi kamar shi ya yi shi. Marubuci da edita da mai maɗaba'a duk ƙugiya ɗaya ke jan su. To, a shekarar 1885 aka kai waɗansu masu sayar da jaridu ƙara a Landan, a shari'ar da ake kira Emmens da Pottle, domin sun sayar da jaridar da ke ɗauke da ɓatanci ga wani mutum. Kotun ɗaukaka ƙara ta sallame su. Hujjarta ita ce ba su san abin da ke ciki ba, rashin sanin nasu kuma ba sakaci ya jawo shi ba. Shekara 15 bayan haka, a 1900, wani babban ɗakin ba da hayar littattafai mai suna Mudie bai ci wannan sa'a ba. Masu buga wani littafi sun riga sun yi shela cewa a mayar musu da shi domin akwai shafin ɓatanci a ciki, masu ɗakin ba su kula ba suka ci gaba da ba da shi, aka kama su da sakaci.

Shari'ar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce ta Byrne da Deane ta 1937, domin kamar a ƙofar ɗakin kwananmu aka yi ta. Wani kulob ne na masu wasan golf a kudancin Ingila, suna da injinan caca waɗanda doka ta hana. Wani ya tsegunta wa 'yan sanda, aka zo aka kwashe injinan. Washegari sai ga waɗansu 'yan baitoci na zambo manne a bangon kulob, an yi wasa da kalma a ciki ta yadda kowa zai gane Byrne ake nufi da cewa shi ne ɗan rahoton. Dokar kulob ta ce ba a manna kome sai da yardar sakatare. Sakatariyar, matar Deane, ta ga takardar ta ƙyale ta. Kotu ta ce wanda ke da iko da bango, ya ga abin da aka manna, cirewar kuma ba wuya gare ta, amma ya bar shi, to ya shiga cikin masu yaɗawa. Abin dariyar shi ne duk da haka Byrne bai sami ko kwabo ba, gama alƙalan sun ce a ce mutum ya kai rahoton laifi ga hukuma ba abin zubar da mutunci ba ne a idon mutanen kirki. Ni dai ban tabbata 'yan kulob ɗin sun yarda da alƙalan ba.

A Amurka kuwa ta ƙofar batsa aka shigo. Birnin Los Angeles ya yi dokar da ta ce duk mai kantin da aka sami littafin batsa a kantinsa ya yi laifi, ko ya sani ko bai sani ba. Aka kama wani mai suna Eleazar Smith aka yanke masa kwana 30 a gidan yari. A 1959 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin. Dalilin da alƙali Brennan ya kawo abin lura ne: in aka ce mai kanti zai amsa laifin kowane littafi, to ba zai sayar da kome ba sai abin da ya karanta da idonsa, sai kanti ya zama fayau, masu karatu su ne za su yi hasara. Ke nan kafin a haifi intanet an riga an sami matakai uku. Akwai mawallafi, wanda ke ɗaukar alhakin kome. Akwai mai rarrabawa, wanda ba a kama shi sai in ya sani. Akwai kuma kamfanin tarho, wanda ba ruwansa da abin da aka faɗa a cikin wayarsa.

Wanda Ya Yi Shara Shi Aka Kama

A farkon shekarun 1990 yawancin Amurkawa masu kwamfuta a gida ta hannun waɗansu kamfanoni uku suke shiga duniyar sadarwa: CompuServe da Prodigy da America Online, wanda aka fi sani da AOL. Mutum zai biya kuɗin wata, ya haɗa kwamfutarsa da layin tarho, ya shiga zaurukan hira inda kowa ke rubuta abin da ya ga dama. A ɗaya daga cikin zaurukan CompuServe akwai wata 'yar jaridar tsegumi ta 'yan jarida mai suna Rumorville, wadda ta caccaki wata kishiyarta. Masu kishiyar suka kai CompuServe ƙara. A watan Oktoba na 1991 alƙali Peter Leisure na kotun tarayya da ke Niyok ya ce CompuServe kamar laburare yake, ba ya duba abin da ake sawa kafin ya fita, ba a kuma nuna ya san da maganar ba, saboda haka ba shi da laifi.

Prodigy ya ɗauki wata hanya dabam. Kamfanonin IBM da Sears ne suka mallake shi, yana kuma tallar kansa a matsayin wurin da magidanci zai bar 'ya'yansa su shiga ba fargaba. Yana da ƙa'idojin ladabi, da na'urar tace kalmomin ashar, da mutanen da ya naɗa su kula da kowane zaure. A watan Oktoba na 1994 wani da ba a san ko wane ne ba ya rubuta a zauren harkar kuɗi cewa wani kamfanin dillancin hannun jari mai suna Stratton Oakmont 'yan damfara ne, shugabansa kuma ya kusa shiga hannu. Kamfanin ya kai Prodigy ƙara yana neman diyyar dala miliyan 200. Prodigy ya ce saƙo wajen 60,000 ke shigo masa kowace rana, wa zai iya karance su? A watan Mayu na 1995 alƙali Stuart Ain na jihar Niyok ya ce tun da Prodigy da bakinsa ya ce yana tacewa yana gogewa, to ya mai da kansa edita, a ɗauke shi kamar mawallafin jarida.

A dubi wannan al'amari da kyau. Wanda ya naɗe hannu ya bar gidansa da datti ya tsira, wanda ya ɗauki tsintsiya shi aka kama da laifin ƙurar da ta saura. Duk lauyan da ya karanta hukunce-hukuncen nan biyu abu ɗaya zai gaya wa kamfaninsa, watau kada ka duba, kada ka goge, kada ka sani. Wani abin mamaki kuma, mutumin da ya yi rubutun nan gaskiya ya faɗa. A ƙarshen 1996 aka kori Stratton Oakmont daga harkar hannun jari, a 1999 shugabanninsa biyu, Jordan Belfort da Danny Porush, suka amsa laifin damfara, har aka yi sinima a kan labarinsu a 2013. Ashe ɓarayi ne suka kai mai bango ƙara don an kira su ɓarayi, suka kuma yi nasara a zagayen farko.

A daidai wannan lokaci Majalisar Amurka tana ta ce-ce-ku-ce a kan batsa a intanet. Wani ɗan Majalisar Dattawa daga Nebraska, James Exon, ya tara hotunan batsa da aka ciro daga intanet cikin wani shuɗin fayil yana nuna wa 'yan'uwansa, ya kawo dokar ɗaure duk wanda ya sa abin rashin kunya inda yara za su gani, ta kuwa wuce da ƙuri'a 84 da 16. A Majalisar Wakilai kuma mutum biyu daga jam'iyyu masu gaba da juna, Chris Cox na Kalifoniya da Ron Wyden na Oregon, suka ga hukuncin Prodigy ya juya abu a baibai. Tasu dabarar ita ce a kwance wa kamfanoni hannu su yi shara da kansu. Suka rubuta ɗan gajeren sashe mai gaɓa biyu. Ta farko ta ce ba za a ɗauki kamfani ko mai amfani da shi a matsayin mawallafin abin da wani ya rubuta ba. Ta biyu ta ce in kamfani ya goge abin da ya ga bai dace ba da kyakkyawar niyya, ba za a kama shi da laifin gogewar ba. A watan Agusta na 1995 wakilai 420 suka amince, 4 kacal suka ƙi. Aka haɗa nasu da na Exon cikin babbar dokar sadarwa, Shugaba Clinton ya sa mata hannu ran 8 ga Fabrairu, 1996. Hankalin 'yan jarida duk yana kan ɓangaren Exon, wanda Kotun Ƙoli ta rushe a watan Yuni na 1997 domin ya tauye 'yancin magana. Ɗan ƙaramin sashen da ba a kula da shi ba, wanda ake kira sashe na 230, shi ya saura. Gaɓarsa ta farko kalma 26 ce kawai a Turance. Bai rufe laifuffukan da dokar tarayya ta haramta ba, bai kuma shafi haƙƙin mallakar fasaha ba, amma ban da waɗannan rumfa ce mai faɗi.

Abin Da Ya Sami Zeran

Faɗin rumfar bai bayyana ba sai da aka zo kan wani bawan Allah mai suna Kenneth Zeran, mazaunin birnin Seattle. Ran 19 ga Afrilu, 1995, aka tayar da bam a wani ginin gwamnati a birnin Oklahoma, mutum 168 suka mutu, cikinsu har da ƙananan yara. Bayan kwana shida wani ya sa talla a AOL wai ana sayar da riguna masu rubutun izgili ga waɗanda suka mutu, mai so ya kira Ken, ya sa lambar tarhon gidan Zeran. Zeran bai san hawa ba bai san sauka ba, sai waya ta fara ruri, zagi da barazanar kisa. Ya kira AOL, aka ce za a cire, amma ba za a buga ƙaryatawa ba domin ba al'adar kamfanin ba ce. Aka cire wancan, washegari wani sabo ya fito, haka aka yi ta yi kwana da kwanaki. Kafin ƙarshen wata kusan kowane minti biyu sai an kira shi. Bai kuma iya sauya lamba ba domin a gida yake sana'arsa, da lambar nan yake ci. Ran 1 ga Mayu wani mai gabatar da shiri a wani gidan rediyon Oklahoma ya karanta tallar a iska ya ce masu sauraro su kira mutumin su gaya masa ra'ayinsu. Sai da 'yan sanda suka riƙa sa ido a kan gidansa.

Zeran ya kai AOL ƙara. Lauyoyinsa ba su ce AOL mawallafi ne ba, tsohuwar ƙa'idar mai kanti suka riƙe, cewa an gaya masa, ya sani, ya yi nawa. Da a ce dokar 1885 ko ta 1959 aka bi, da yana da magana. Amma a watan Nuwamba na 1997 kotun ɗaukaka ƙara, ta bakin alƙali Wilkinson, ta ce sashe na 230 ya share har wannan. Hujjarta ita ce in aka ce da zarar an kawo ƙorafi alhaki ya hau kan kamfani, to kamfani zai riƙa goge duk abin da aka yi kuka da shi ba tare da bincike ba, kowane mai jin haushi ya sami hanyar toshe bakin abokin gabarsa. Hujjar tana da ƙarfi, musamman in aka tuna da Stratton Oakmont. Duk da haka ni a ganina an yi wa Zeran rashin adalci, domin ba gardamar siyasa ce aka sa sunansa a ciki ba, ransa ne aka jefa cikin haɗari, ya kuma yi ta kuka ga wanda ke da ikon tsayar da abin. Wanda ya yi rubutun ba a taɓa gano shi ba, wanda ya ba shi bango kuma doka ta ce ba a taɓa shi. A ƙarƙashin wannan hukunci ne Google da YouTube da Facebook da Twitter suka tashi suka girma.

Sauran ƙasashe ba su bi Amurka ba. A Jamus, a 1998, wata kotu a Munik ta yanke wa Felix Somm, shugaban reshen CompuServe na ƙasar, ɗaurin shekara biyu na jeka-ka-gyara-halinka saboda hotunan batsa da suka bi ta hanyar kamfanin, kafin a wanke shi a 1999. A Ingila wani malamin kimiyya, Laurence Godfrey, ya tarar an yi wani mummunan rubutu da sunansa a watan Janairu na 1997. Ya aika wa kamfanin Demon Internet takarda cewa ba shi ya rubuta ba, a cire, aka bar shi har wajen kwana goma. A 1999 alƙali Morland ya ce daga ranar da takardar ta iso, kamfanin ba shi da sauran uzurin rashin sani. Suka sasanta a 2000, aka biya shi fam 15,000 ban da kuɗin shari'a. A wannan shekara ce Tarayyar Turai ta yi dokar da ta raba aiki: wanda waya kawai ya shimfiɗa ba ruwansa, wanda ke ajiye kayan mutane kuma yana da kariya muddin bai sani ba, in ya sani ya cire da gaggawa, ba kuma za a tilasta wa kowa ya riƙa leƙa duk abin da ke wucewa ba. Ita ma Amurka irin wannan tsari na a-sanar-a-cire ta yi a 1998, amma don masu waƙa da sinima da littattafai kawai. Watau in waƙarka aka sata akwai ƙofar da za ka buga, in mutuncinka aka zubar babu.

Daga nan labarin ya yi rassa da yawa, zan taɓa kaɗan in wuce. A Indiya an tsare shugaban wani kamfanin gwanjo na intanet, Avnish Bajaj, a watan Disamba na 2004 saboda wani hoton bidiyo na batsa da wani ya sa a kasuwa, sa'an nan a 2015 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce sanin da ake nufi shi ne umurnin kotu ko na hukuma, ba ƙorafin kowa da kowa ba. A wannan shekara Kotun Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta goyi bayan diyyar Yuro 320 da aka ɗora wa wata kafar labarai ta Istoniya mai suna Delfi, domin ta bar zage-zagen masu karatu har mako shida. Jamus ta yi doka a 2017 mai ba manyan kamfanoni awa 24 su cire abin da haramcinsa ya fito fili, da tarar da za ta iya kai Yuro miliyan 50, kafin babbar dokar Tarayyar Turai ta 2022 ta maye gurbin yawancinta. Amurka ta ɗan rage rumfarta a 2018 a kan fataucin mata. A 2023 kuma dangin waɗanda 'yan ta'adda suka kashe a Paris da Istanbul suka kai Google da Twitter har Kotun Ƙoli, suna cewa na'urorin kamfanonin ne ke tura wa mutane wa'azin 'yan ta'adda. Kotun ta kori ƙararrakin ta wata hanya, ta kauce wa taɓa sashe na 230. Wannan tambaya ta na'urar da ke zaɓar abin da za ta nuna wa mutum ita ce mai nauyi, gama ɗan aiken da ke zaɓen saƙon da zai kai, yana kuma cin riba gwargwadon yadda saƙon ya tayar da hankali, ya fara kama da fatoma. Su kuwa alƙalan Landan, da aka kawo musu shari'ar Tamiz da Google a 2013, bangon kulob ɗin nan na 1937 suka koma suka yi misali da shi.

Mu a nan Nijeriya ta wata fuska abin ya zo mana. A farkon Yuni na 2021 Twitter ya goge wani saƙo na Shugaba Buhari, ran 5 ga wata gwamnati ta sa kamfanonin waya suka toshe shi, ba a buɗe ba sai ran 13 ga Janairu, 2022, bayan kwana 222. A watan Yuli na 2022 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta ce toshewar ta saɓa wa doka. A lura, a nan ba don kamfani ya bar wani abu aka hukunta shi ba, don ya goge ne. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta kawo tsarin a-sanar-a-cire, abin da ya shafi marubutanmu da masu shirya finafinan Hausa kai tsaye.

Akwai wani gefe na maganar da ban ga alƙalan nan sun taɓo ba, ni kuwa a matsayina na ɗalibin harshe shi ya fi tsaya mini a rai. Duk ƙa'idar nan a kan kalmar sani ta rataya, sani kuwa sai da harshe. Alƙalan 1937 sun gane zambon da aka yi wa Byrne domin Turanci harshensu ne. To, wa zai gane habaicin Bahaushe a ofishin da ke Kalifoniya? Mu da za mu iya yi wa mutum gugar zana mu kwance masa zani a kasuwa ba tare da kalmar ashar ko ɗaya ba, mu kira wata ƙabila da sunan da ba ya cikin ƙamus amma kowa ya san wa ake nufi, wace na'urar tace kalmomi ce za ta kama mu? A ƙasar Bama an ga ƙarshen irin wannan, inda aka yi ta hura wutar ƙiyayya ga Musulmin Rohingya da harshen da ma'aikatan Facebook ƙalilan ne ke ji, har kamfanin da kansa ya amsa a 2018 cewa bai yi abin da ya kamata ba. A shekarar ce kuma BBC ta ba da rahoton yadda hotunan ƙarya da aka yaɗa a Facebook suka ƙara rura rikicin Filato na watan Yuni, ta ce mutum huɗu ne kacal aka ware don tantance labarai a ƙasar da masu amfani da Facebook suka kai miliyan 24. Kamfanin da bai ɗauki masu jin harshenmu isassu ba kullum yana da uzurin rashin sani. Masu ɗakin littattafan Mudie ma cewa suka yi ba su sani ba, kotu ta ce ai ba su nemi sanin ba ne.

A ɗakin kwananmu kuwa, bayan abin da ya faru, an yi taro an kafa dokar cewa ba a manna kome a allo sai da hatimin wakili. Shi kuma wakilin, don gudun abin da ka je ya zo, ba ya buga hatimi sai a kan sanarwar hukumar makaranta da ta ta'aziyya. Wani da ya so manna kukan rashin ruwa a banɗaki an hana shi. Cigiyar kaya da tallar littattafai da tsegumi duk sun koma zauren WhatsApp na ɗakin, inda a makon jiya aka sa hoton wani ɗalibi dabam da irin waccan tuhuma, masu kula da zauren su biyar kowa na cewa bai gani da wuri ba.